Berliet: Daga Ƙaramin Gareji a Lyon Zuwa Hanyoyin Damagaram

Duk wanda ya riski shigowar wayar salula Nijeriya a 2001 zai tuna sunaye irin su Sagem da Trium da Sendo. A lokacin, mai riƙe da ɗaya daga cikinsu ɗan gata ne. Yau ka shiga shagon waya a Daura, ko ka leƙa kasuwar Farm Centre a Kano, ka ce kana neman batirin Sagem, yaron shago kallonka kawai zai yi. Kamfanonin da suka yi ta gogayya a wancan lokaci da yawa sun bar harkar, wasu an saye su, wasu ko sunansu ba a ji.

Abin da ya faru da waya ya taɓa faruwa da mota, shekara ɗari kafin nan, kuma a Faransa aka fi ganinsa. A 1903 ƙasar ta ƙera motoci wajen dubu 30, kusan rabin duk abin da aka ƙera a duniya a shekarar. Ba wasu manyan masana'antu ne suka yi wannan aiki su kaɗai ba. Ƙananan garejoji ne birjik: maƙera, masu gyaran keke, masu haɗa keken doki, kowa ya sami inji sai ya ɗora shi a kan ƙafa huɗu ya manna sunansa a goshi. Mafi yawansu ba su kai shekara goma ba. Biyu daga cikinsu, a birni ɗaya kuma a unguwa ɗaya, labarinsu ya haɗu: ɗaya ya mutu da ƙuruciya, ɗayan ya gaji rumfarsa, har motocinsa suka zo suna taka hanyoyin da ke arewa da Daura.

Wanda ya riga kowa, ya kuma riga kowa faɗuwa

A 1894 wasu samari biyu, Maurice Audibert da Émile Lavirotte, suka fara ƙera mota a unguwar Monplaisir da ke birnin Lyon. Motocinsu na farko kwaikwayon na Benz ne, Bajamushen nan da ake jingina wa ƙirƙiro mota mai amfani da fetur: injin a baya, bel ne ke kai ƙarfi zuwa ƙafafu. Daga baya suka dawo da injin gaba, suka yi gindin motar da bututun ƙarfe, suka rufe akwatin giya ruf don kada ƙura ta shiga mai ya zube. A yau wannan ba abin magana ba ne, amma a zamanin da haƙoran giya ke juyawa a fili suna shan turɓaya, ci gaba ne babba. Su ne suka fara ƙera mota da yawa a Lyon, ba ɗaya-ɗaya ba.

Fasahar ba ta cece su ba. Faɗaɗa masana'anta na cin kuɗi, masu zuba jarin da suke sa rai kuwa ba su cika alkawari ba. A ƙarshen 1901 kamfanin Audibert & Lavirotte ya rufe, bayan ya ƙera motocin da ba su wuce ɗari uku ba. 'Yan ƙalilan ne suka rage yau, a gidajen tarihi da hannun masu tara tsofaffin motoci. Shekara bakwai ke nan duka-duka.

A 1902 wani ya sayi ginin da kayan aikin. Sunansa Marius Berliet.

An haife shi a 1866 a Lyon, birnin masaƙa siliki. Mahaifinsa na da ƙaramar sana'ar yin ƙyallen da ake sa wa huluna, kuma a nan Marius ya fara taɓa inji, yana gyara na'urorin gidan. Bai yi jami'a ba. Karatun dare ya yi, sauran kuma ya tsinta daga mujallun fasaha, kamar yadda yaran yanzu ke koyon gyaran waya a YouTube. A 1894 ya haɗa injinsa na farko, a 1895 ya haɗa mota mai kujera biyu, ɗaya a bayan ɗaya, siririya har aka yi mata laƙabi da sunan silifas. Gwajinta bai yi daɗi ba: ta ƙwace a gangara ta afka cikin gilashin shagon wani mai sayar da nama. Ya tattara ta ya koma gareji. A 1899 ya bar sana'ar gida gaba ɗaya, ya kama wata 'yar rumfa da ma'aikata 'yan kaɗan. Shekara uku bayan haka ya koma masana'antar da ta fi ƙarfin masu ita.

Kuɗin da Audibert da Lavirotte suka rasa, shi ya same su ta wata hanya da ba a saba ba. A 1905 kamfanin American Locomotive Company na Amurka, mai ƙera kawunan jirgin ƙasa, ya so shiga harkar mota, sai ya sayi izinin ƙera motocin Berliet a can kan faran dubu 500. Wato zane da ilimi ya sayar, ba ƙarfe ba. Da wannan kuɗi ya sayi injinan aiki ya faɗaɗa masana'anta. Daga nan ne kuma tambarin kamfanin ya samo asali: goshin kan jirgin ƙasa. Shi ya sa mota ce amma hoton jirgi ke manne a hancinta.

A daidai wannan lokaci, a ƙasar Daura

Yayin da Berliet ke ƙirga kuɗin Amurka, a nan kuma ana ja wa ƙasa layi. Yarjejeniyoyin da Ingila da Faransa suka ƙulla a 1904 da 1906 su ne suka daidaita iyakar da ke tsakanin Nijeriya da Nijar, kuma magana ce ta sufuri tun asali. Iyakar farko ta 1898 ta bar Faransawa ba su da hanya mai rijiyoyi daga kogin Kwara zuwa Damagaram da tafkin Chadi, don haka suka matsa har aka turo layin kudu. Layin ya ratsa ƙasar da mutanenta harshensu ɗaya, kasuwanninsu ɗaya, aurensu ɗaya. A 1906 ne kuma sarautar Daura ta koma hannun tsohon gidan Haɓe, Malam Musa ya dawo birni daga Zango. Sarki Abdurrahman, wanda ya hau a 1911 ya yi mulki har 1966, ya ga dukkan sauyin da idonsa: ya hau gadon sarauta ana fatauci da raƙumi da jaki, ya bar duniya manyan motoci na ta kaiwa da komowa.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, kuma gyaɗar yankin Damagaram da Magarya da Matamaye ba ta da tashar jirgi mafi kusa da ta Kano. Daura na kan wannan hanya. Abin da iyakar ta haifar a fannin mota shi ne kasuwa biyu a ƙasa ɗaya. A kudu da layin, motocin Ingila ne suka yi kaka-gida, su Bedford da Austin da Leyland, kafin Marsandi 911 ta zo ta karɓe fagen. A arewa da layin kuwa, na Faransa ne: Citroën, Renault, Fijo, sannan a manyan motoci Berliet. Har hannun tuƙi ya bambanta. Nijeriya ta yi ta tuƙi a hannun hagu har zuwa Afrilun 1972, Nijar kuwa a dama take tun farko, don haka direban da ya tashi daga Daura ya tsallaka Kwangwalam sai ya sauya gefen hanya. Bakaniken kan iyaka shi ma dole ya san sifana iri biyu, ta inci da ta milimita, domin kusoshin motar Ingila da na motar Faransa ba sa shiga juna. Mai cajar iPhone a gidan da kowa ke da Tecno ya san irin wannan wahala.

Motar da ta ɗaga shi, da wadda ta kusa binne shi

Berliet ya yi ƙananan motoci masu kyau, amma motar kaya ce ta yi masa suna. Gab da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya fito da wata mai suna CBA. Ba ta da kyan gani ko kaɗan: injin silinda huɗu, sarƙa ce ke jan ƙafafun baya kamar ta keke, tayoyin roba ne dunƙulalle ba iska a ciki, tana ɗaukar tan uku da rabi. Amfaninta shi ne ba ta cika lalacewa ba, in ma ta lalace soja mai guduma da sifana zai tayar da ita a bakin hanya. A 1916, lokacin gumurzun Verdun, wata hanya guda mai tsawon kilomita 75 daga Bar-le-Duc ita ce babbar hanyar da ke ciyar da rundunar Faransa, motoci na bin juna dare da rana, kuma kaso mai yawa daga cikinsu CBA ne. Masana'antar ta kai tana fitar da 40 a rana. An ci gaba da ƙera ta har 1932, jimilla wajen dubu 40.

Da yaƙi ya ƙare, odar soja ta tsaya cak, ga kuma katafariyar masana'antar da ya gina a Vénissieux tana jiran aiki. Sai Berliet ya yanke shawarar yin irin ta Amurkawa: mota iri ɗaya, da yawa, da araha. Ya samo motar Dodge, injiniyoyinsa suka warware ta kusa bayan kusa, suka auna komai suka kwafa. Suka sa mata suna VB.

A nan ne darasin da ya fi shafar mai sayen waya yake. Sun kwafi siffa da awo daidai, amma ƙarfen da ke hannunsu bai kai na Amurka inganci ba. Sassan da Dodge ta yi sirara saboda ta amince da ƙarfenta, a jikin VB sai suka riƙa karyewa. Masu saye suka yi ta dawo da motoci, suna ya ɓaci, bashi ya taru. A 1921 kamfanin ya faɗa hannun masu binsa bashi, bankuna suka karɓi ragamar, Berliet ya zama kamar ma'aikaci a gidan da ya gina. Sai a 1929 ya gama biya ya karɓi abinsa. Wanda ya taɓa sayen wayar jabu mai kamar ta asali sak, har kwali da tambari, sannan bayan wata biyu batir ya kumbura fuskar ta daina jin taɓi, ya san me masu VB suka ji. Abin da ke sa na'ura ta daɗe yawanci ido ba ya ganinsa a shago.

Motocin kaya ne suka fitar da shi daga ramin. A farkon shekarun 1930 ya shiga ƙera injin gas, wanda ya fi na fetur jan kaya da tsimin mai. Ƙananan motoci kuwa suka yi ta ja baya. Ta ƙarshe, mai suna Dauphine, ta fito a 1939 sanye da bodin Fijo 402, domin kamfanin ba zai iya ɗaukar nauyin ƙera sabon bodi nasa ba. Daga ita ba a sake yin ƙaramar mota mai sunan Berliet ba.

Ƙarshen mutumin kansa bai yi kyau ba, kuma ba abin ɓoyewa ba ne. Lokacin da Jamus ta mamaye Faransa masana'antarsa ta ci gaba da aiki, motocinta suka shiga hannun 'yan mamaya. An kama shi a 1944, kotu ta ɗaure shi a 1946 bisa laifin hulɗa da abokan gaba. Ya mutu a 1949, a shekarar da kamfanin ya koma hannun iyalinsa. Ɗansa Paul Berliet ne ya ja ragamar daga baya, kuma shi ya juya akalar kamfanin zuwa Afirka.

Sahara

An gano man fetur a Hassi Messaoud da ke Aljeriya a 1956, masu haƙa suna bukatar abin da zai kai musu injina masu nauyi cikin rairayi. A 1957 Berliet ya nuna T100 a bajekolin motoci na Paris, motar kaya mafi girma a duniya a lokacin. Nauyinta da kaya ya kai tan 100, faɗinta kusan mita biyar, tayarta ta fi mutum tsayi, injinta na Cummins mai silinda 12 na ba da ƙarfin doki 600. Guda huɗu kacal aka ƙera. Ta yi wa kamfanin talla fiye da yadda ta kawo masa kuɗi, kamar wayoyin nan masu naɗewa da ake nunawa a taro kowa ya yi ta ɗaukar hoto, amma ba su ne ke cika aljihun kamfani ba.

Wadda ta yi aikin gaske ita ce ƙanwarta, GBC 8, da ake kira Gazelle, wato barewa. Ƙafafunta shida duka suna ja. Injinta mai silinda biyar ƙarfin doki 125 ne kawai, wanda ƙaramar mota ta yau ma tana iya fin haka, amma an tsara ɗakin ƙonewar mansa ta yadda zai sha gas, ya sha kananzir, ya sha fetur in ta kama. A wurin da gidan mai na gaba ke nesa da kwana uku, wannan ya fi gudu daraja. In an shiga rairayi mai laushi sai a rage iskar taya ta baje ta yi faɗi, nauyin ya rarrabu, motar ta taka a kai maimakon ta nutse. Direbobin Agadas har yau haka suke yi.

Daga ƙarshen 1959 zuwa farkon 1960 kamfanin ya tura Gazelle tara, da jirgi mai saukar ungulu yana duba musu hanya, su ratsa Tenere. Sun bi ta Djanet a kudancin Aljeriya, suka shiga ƙasar Nijar, suka taɓa Agadas da Bilma, suka kai Fort-Lamy, wato N'Djamena ta yau, tafiyar kusan kilomita dubu 10 zuwa da dawowa. Masana sun bi su, ciki har da Henri Lhote mai binciken zanen duwatsun Sahara, kuma a Adrar Bous sun tattaro kayan aikin dutse na mutanen da suka zauna a wurin lokacin da yake da tafkuna da kifi. A tafiya ta biyu, a 1960, sun kakkafa turakun ƙarfe a matsayin alamar hanya, waɗanda matafiya suka daɗe suna bi kafin a sami na'urar nuna hanya ta tauraron ɗan'adam. Amma a faɗi gaskiya: hanyar Bilma ba Berliet ne ya gano ta ba. Ayarin gishirin Buzaye ya yi ɗaruruwan shekaru yana bin ta, kuma gishirin na sauka har kasuwannin ƙasar Hausa. Abin da tafiyar ta tabbatar shi ne motar kaya ta kasuwa, ɗauke da kaya, za ta iya bi ta wurin.

A shekarar da Nijar da Nijeriya suka sami 'yanci ke nan. A shekarun da suka biyo baya Berliet ta zama motar dakon kaya a ƙasashen da Faransa ta raina, musamman samfurin GLR mai dogon hanci, wanda aka ƙera fiye da dubu 100. A hanyoyin Yamai da Maraɗi da Damagaram da Agadas ta yi dakon gyaɗa da siminti da gero da mutane a saman kaya. Sirrin daɗewarta irin na CBA ne: babu wata na'ura mai ƙwaƙwalwa a jikinta, komai ana iya kwance shi a ƙarƙashin bishiya, abin da ya karye kuma maƙeri ko mai walda zai yi masa dabara.

Sunan dai bai tsira ba. Citroën ta sayi kamfanin a 1967, Renault ta karɓe shi a tsakiyar shekarun 1970, aka haɗe shi da Saviem a 1978, zuwa 1980 aka cire tambarin kan jirgin daga hancin motocin. Abin da ya rage shi ne Renault Trucks, wanda yanzu ke hannun Volvo ta Suwidin, kuma har yau cibiyarsa na gefen Lyon.

Waɗanda suka sayi izini, da abin da suka yi da shi

Yadda Berliet ya sayar wa Amurkawa zane a 1905, haka ɗansa ya yi ta sayarwa daga baya. An kafa masana'anta a Rouiba kusa da birnin Aljiyas a 1957, wadda gwamnatin Aljeriya ta karɓa bayan 'yanci ta mai da ita tata, ita ce ta zama SNVI. A tsakiyar shekarun 1960 ƙasar Sin ta sayi izinin ƙera manyan motocin Berliet, ta gina masana'anta a lardin Sichuan, daga nan motocin Hongyan suka samo tushe. A 1983 Sin ta sake sayen fasahar manyan motoci daga Steyr ta Ostiriya, kuma daga wannan zuriya ce Sinotruk ta fito da Howo, tirelolin da tifofin da suka cika hanyar Kano zuwa Daura a yau.

Wannan Steyr ɗin dai ta kafa masana'anta a Bauchi a ƙarshen shekarun 1970. A zamanin ne kuma Nijeriya ta kafa ta Fijo a Kaduna, wadda ta fara aiki a 1975, da ta manyan motocin Fiat a Kano, da Leyland a Ibadan, da Marsandi a Enugu, da Volkswagen a Legas. Fasahar da ta je Sin ta zo nan ma. Bambancin shi ne yawancin sassan daga waje ake kawo su a akwati a ɗaura, don haka da darajar naira ta faɗi a shekarun 1980, kuɗin shigo da su ya gagara, motocin Kwatano suka kwararo, masana'antun suka yi ta durƙushewa ɗaya bayan ɗaya. A Sin kuwa an nace sai an koyi narka ƙarfen da yin injin a gida, wato daidai wurin da VB ta faɗi.

Tambayar yanzu ta iso Daura da kanta. Jami'ar Sufuri ta Tarayya, wadda kamfanin CCECC na Sin ya gina aka kuma aza harsashinta a Disambar 2019, tana garin, ga Kwalejin Fasaha ta Tarayya ita ma. Layin dogon Kano zuwa Maraɗi mai tsawon kilomita 284, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a Fabrairun 2021, an tsara shi ya bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Ɗaliban da ke waɗannan makarantu su ne za a miƙa wa kawunan jirgi da taragai da na'urorin sigina da aka ƙero a wata ƙasa, kuma yarjejeniyar da aka saye su da ita ce za ta nuna ko aikinsu zai tsaya a canza mai da ɗaura safaya, ko za a ba su zanen su ma. Kafin jirgin ya fara aiki, kayan da ke tsallaka Kwangwalam da Babban Mutum zuwa Damagaram a bayan tirela suke tafiya, yawancinsu ƙirar Sin.